Darasi na 7: Wiwi da Barcin Aro

Duk wanda ya taɓa zaunar da mai shan wiwi don ya yi masa nasiha, da wuya a ce bai ji wannan amsar ba: "Wallahi Yaya, ni ba don maye nake sha ba. In ban sha ba, ba na iya barci." Yawancinmu mukan ɗauka ƙaryar kare kai ce kawai. To, ba ƙarya ba ce. Mutumin da ya shekara yana busa ta kowane dare, ranar da ya kwanta bai sha ba zai yi ta juyi a kan shimfiɗa har a kira assalatu. Abin da ya kamata mu bi diddiginsa shi ne dalilin hakan, da kuma wanda ya sace masa barcin tun farko.

Wannan magana ta daɗe da wuce majalisar mashaya. A jihar Kolorado ta Amurka an fara sayar da wiwi a kantuna bisa doka a watan Janairun 2014, Kanada kuma ta halatta ta a faɗin ƙasar a watan Oktoban 2018. A irin waɗannan wurare ana sayar da alewa mai taushi, da man da ake ɗigawa a ƙarƙashin harshe, an yi musu kwali mai hoton wata da taurari, an ce na barci ne. Masu saye ba 'yan tasha ba ne. Akwai 'yan fansho, da ma'aikatan jinya masu aikin dare, da matan da suka kai shekarun ɗaukewar al'ada. Tallan yana biyo waya ya iso har Kano da Damagaram, sai ka ji matashi yana cewa, "Ai Turawa ma magani suka ɗauke ta." Shi ya sa ya zama dole mu san abin da ke cikinta, da abin da take yi wa barci.

Mene ne THC?

A cikin tabar wiwi akwai sinadarai iri ɗaya da juna fiye da ɗari, amma guda ɗaya ne ke ɗauke da yawancin mayen. Sunansa dogo ne, don haka ake taƙaita shi da haruffa uku: THC. Ya fi yawa a cikin ɗanƙon da ke jikin furen macen shukar. A shekarar 1964 ne Raphael Mechoulam da abokin aikinsa Yechiel Gaoni suka ware shi tsantsarsa suka gano siffarsa, a Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila. Wani abin dariya shi ne, hashish ɗin, wato ɗanƙon wiwin, da suka yi binciken da shi, kilo biyar, daga hannun 'yan sanda Mechoulam ya karɓo, cikin kayan da aka kama. Akwai kuma wani sinadarin da za ku riƙa ji ana ambata, CBD, wanda shi ba ya sa maye. Kada a haɗa su.

Bayan an san THC, sai tambaya ta zama: ta yaya ganyen wata shuka yake samun hanyar juya tunanin ɗan Adam? An samu amsar a wajejen 1988 zuwa 1990, lokacin da aka gano cewa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙofofi da THC ke dacewa da su kamar yadda makulli ke dacewa da kwaɗo. Aka sa musu suna CB1. To ai ba a yin kwaɗo don makullin baƙo. A 1992 aka gano cewa jiki yana ƙera nasa makullin, aka kira shi anandamaid, daga wata kalmar Sanskirit ta Indiya mai nufin ni'ima. Wannan makulli na gida yana da hannu a cin abinci, da jin ciwo, da tuna abu, da kwanciyar hankali, da barci. Jiki yana fitar da shi kaɗan, a inda ake bukata, ya kuma rushe shi nan da nan. Shi kuwa THC, idan ya shiga, buɗe ƙofofin yake yi a ko'ina lokaci guda, ya kuma daɗe bai fita ba. Ku riƙe wannan misalin na kwaɗo, za mu dawo gare shi.

Barci ba abu ɗaya ba ne

Muna cewa barci ƙanin mutuwa, amma ƙwaƙwalwar mai barci ba ta mutu ba, aiki take yi. Dare ɗaya yana ƙunshe da zagaye huɗu zuwa shida, kowanne kimanin minti 90. A kowane zagaye mutum yakan fara da gyangyaɗi, ya nutsa cikin barci mai nauyi wanda ko an kira sunansa da ƙyar zai ji, sannan ya taso zuwa wani mataki na daban inda idanunsa ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido. Idan kun taɓa kallon jariri yana barci kun ga wannan. Wasu masana biyu a Jami'ar Shikago, Aserinsky da Kleitman, su suka fara bayyana wannan mataki a 1953, kuma a cikinsa ne ake yin yawancin mafarkin da muke tunawa. Mu kira shi barcin mafarki. Wajen kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na barcin babban mutum shi ne wannan.

Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, shi ne ke huce gajiyar jiki. Barcin mafarki ya fi yawa gab da asuba, kuma yana da alaƙa da adana abin da aka koya da kuma sassauta ɓacin ran da aka wuni da shi. Saboda haka idan aka ce wani abu yana sa barci, sai a tambaya: wane irin barcin? Wanda aka buga wa sanda a ka shi ma ya rufe ido.

Daren farko da dare na ɗari

Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce, ga mutum da yawa THC kaɗan yana rage lokacin da ake ɗauka kafin barci ya zo. Tunani yana lafawa, jiki yana saki, ciwo yana raguwa. Wannan ba sabon labari ba ne. Tun 1839 wani likita ɗan Ailan mai suna O'Shaughnessy, da ke aiki a Kalkata, ya gabatar wa likitocin Turai da wiwi bayan ya ga yadda ake amfani da ita a Indiya, kuma a 1890 likitan fadar Sarauniya Biktoriya, Russell Reynolds, ya rubuta cewa tana taimakon tsofaffi masu rashin barci. Likitocin sun bar ta daga baya, wani ɓangare saboda doka, wani ɓangare kuma saboda ba sa iya sanin ƙarfin abin da suke bayarwa: kwalbar yau ta kwantar da mara lafiya, ta gobe ta haukata shi.

Wannan matsala ta awo tana nan har yau, domin THC fuska biyu gare shi. Kaɗan yana kwantar da hankali, da yawa kuma yana tayar da shi: zuciya ta riƙa bugu da sauri, tsoro ya kama mutum ba gaira ba dalili, ya ga kamar ana bin sa. Iyakar da ke tsakanin biyun ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Kuma wiwin yanzu ba irin ta da ba ce. A Amurka, wadda hukuma ke kamawa a 1995 tana da THC kusan kashi 4 cikin 100; zuwa 2021 ta kai wajen kashi 15.

A tsakiyar shekarun 1970 Irwin Feinberg da abokan aikinsa a Kalifoniya suka kwantar da mutane a ɗakin gwaji, suka manna musu wayoyin auna aikin ƙwaƙwalwa, suna ba su THC mai yawa. Barcin mafarki ya ragu. Da aka tsayar da ba su, sai ya dawo da ƙarfi fiye da ƙima, kamar ruwan da aka tare aka saki. Masu sha kullum da yawa za su gaya muku sun manta rabon da su yi mafarki.

Yanzu mu koma ga kwaɗo. Ƙwaƙwalwa ba ta son a riƙa buɗe mata ƙofofi da ƙarfi kowane dare, don haka sai ta fara rage yawansu. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu sha kullum, aka tarar ƙofofin CB1 sun ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a wasu sassa. Abu biyu ke biyo baya. Na farko, abin da ke kwantar da mutum a watan farko ba ya isarsa a wata na shida, sai ya ƙara. Na biyu, wanda ya fi muni, makullin gida, wato anandamaid, yanzu ya tarar da ƙofofi kaɗan, ba ya iya yin aikinsa shi kaɗai. Idan THC bai zo ba, tsarin ya tsaya. Sabo turken wawa.

Duk uwar da ta taɓa yaye ta san abin da ke faruwa a dararen farko. Haka jikin mai sha yake idan ya daina. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai saurin fushi, da rashin son abinci, da gumin dare, da rashin barci. Abin yakan fi tsanani a makon farko. Yawancin alamun suna lafawa cikin mako biyu, amma rikicin barci da munanan mafarkai masu kama da gaske suna iya kaiwa wata guda ko fiye. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya amince da wannan a matsayin ciwo mai zaman kansa. A nan ne tarkon yake. Mutum ya yi niyya ya daina, ya kwana uku idonsa biyu, a dare na huɗu ya sha, barci ya zo nan take. Sai ya ce, "Kun gani? Ciwon rashin barci gare ni, ita ce maganina." Alhali rashin barcin da ya ji a waɗannan darare, ita ta haifar da shi. Ta ara masa barci, yanzu tana karɓar kayanta. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Akwai labari mai daɗi a cikin wancan binciken na hoton ƙwaƙwalwa: bayan kimanin mako huɗu ba a sha ba, ƙofofin sun koma yadda suke. Wanda ya san haka kafin ya fara dainawa ya fi wanda bai sani ba juriya, domin ya san wahalar tana da iyaka. Idan akwai mai wannan gwagwarmaya a gidanku, wannan ne abin da ya fi cancanta ku gaya masa, ba zagi ba.

Me bincike ya nuna?

Masu talla ba sa rasa binciken da za su kafa hujja da shi. A 2017 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta tattara nazarce-nazarce masu yawa, ta ce akwai matsakaiciyar shaida cewa magungunan da aka ciro daga wiwi suna gyara barci na ɗan lokaci ga masu ciwon jiki mai daɗewa da wasu cututtukan jijiya. Ku lura da sharuɗɗan: na ɗan lokaci, kuma ga masu wani ciwon. Wanda zogi ke hana shi barci, in aka rage zogin zai yi barci, wannan ba abin mamaki ba ne. A 2021 kuma an wallafa wani gwaji daga birnin Perth na Ostireliya inda masu rashin barci suka samu sauƙi da wani haɗin mai ɗauke da THC. Mutum 24 ne aka gwada, na mako biyu. Mun riga mun ga cewa ba a mako biyun farko matsalar take ba.

A 2021 ɗin dai aka fitar da wani nazari kan Amurkawa fiye da 21,000, aka ga waɗanda suka sha wiwi a cikin watan da ya gabata sun fi sauran yawan yin barcin da bai kai awa shida ba, sun kuma fi yawan yin wanda ya wuce awa tara. Irin wannan nazari ba ya rarrabe kaza da ƙwai, domin mai rashin barci yana iya zama shi ya nemi wiwin. Amma dai bai nuna masu sha sun fi kowa barci mai kyau ba.

Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da THC na kamfani, mai suna Marinol, tun 1985, don hana amai ga masu shan maganin kansa, daga baya kuma don buɗe cikin masu ƙanjamau. Ba ta amince da shi don rashin barci ba. Ƙungiyar likitocin barci ta ƙasar ma ta fito a 2018 ta ce kada a yi amfani da wiwi wajen maganin ɗaukewar numfashi cikin barci. Wato halatta sayarwa a kanti daban, likita ya tabbatar abu magani ne daban. Giya ma halattacciya ce a can, tana kuma sa mutum ya yi barci da wuri, amma babu likitan da zai rubuta ta.

Sha'anin alewa

Hayaƙi yana kaiwa ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintoci, ya lafa bayan awa biyu zuwa huɗu. Abin da aka ci kuwa sai ya bi ta ciki ya je hanta, hanta ta juya shi zuwa wani sinadarin da shi ma yake da ƙarfin maye. Yakan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu kafin a ji shi, ya kuma daɗe awa shida, takwas ko fiye. Mai gaggawa zai ci ɗaya, ya ji shiru, ya ƙara biyu, sai duk su taso masa tare da tsakar dare. Wanda kuma ya ci da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yana iya hawa babur da sassafe abin bai gama sakinsa ba. Saboda irin wannan ne Kanada ta ƙayyade kada ƙunshi ɗaya na kayan ci ya wuce miligiram 10 na THC. Ko abin da aka rubuta a kwali ba kullum yake gaskiya ba: a 2015 an auna kaya 75 daga birane uku na Amurka, kashi 17 cikin 100 kacal aka tarar rubutun ya dace da abin da ke ciki.

Sannan alewa alewa ce a idon yaro. Yaran da ba su kai shekara shida ba da aka kai rahoton sun ci irin wannan a Amurka, 207 ne a 2017. A 2021 sun kai 3,054.

Akwai waɗanda haɗarin ya fi yawa a kansu. THC yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi, yana kuma shiga ruwan nono. Ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. A cikin masu gwada wiwi kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke kamuwa da jarabarta, amma ga wanda ya fara tun yana ɗan shekara goma sha wani abu, ɗaya ne cikin shida. Wani babban nazari da aka yi a biranen Turai da Birazil, aka wallafa a 2019, ya nuna masu sha kullum sun ninka sauran mutane kusan sau uku wajen fuskantar taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau biyar. Wanda ake da tarihin wannan ciwo a danginsu, garin neman gira zai iya rasa ido.

A nan gida

A Nijeriya da Nijar wiwi haramtacciya ce a doka, ko da sunan magani. Nijeriya ta yi mata doka ta musamman tun 1966, aka kafa hukumar NDLEA a 1989, kuma hukuncin mallaka ɗauri ne. A Disambar 2020, da hukumar kula da ƙwayoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kaɗa ƙuri'ar cire wiwi daga jerin ƙwayoyi mafi haɗari, ƙasashe 27 suka yarda, 25 suka ƙi, Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Duk da haka, ƙididdigar da ofishin Majalisar mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ta nuna mutum miliyan 10.6 ne suka sha ta a cikin shekara guda. Ta fuskar addini ma maganar tsohuwa ce, malamai irin su Ibn Taimiyya sun yi fatawar haramcin hashish tun fiye da shekara 600 da suka wuce. Kuma abin da ake ƙullawa a takarda a lungu ba shi da awo ko kaɗan. Wasu ma, kamar wanda ake kira Kolos, ganye ne da aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a masana'anta, waɗanda sun fi THC ƙarfi nesa ba kusa ba, suna kuma jawo farfaɗiya da suma.

To idan barcin ya ƙi fa?

Likitoci suna kiran rashin barci ciwo idan yana faruwa aƙalla dare uku a mako, har wata uku, yana kuma ɓata wa mutum wuninsa. Kusan babba ɗaya cikin goma yana fama da shi. Sau da yawa alama ce ta wani abu: ciwon damuwa, ko ciwon gaɓoɓi, ko ciwon suga mai tayar da mutum fitsari, ko toshewar numfashi. Idan maigida yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya riƙa tsayawa ya farka a firgice, ya wuni yana gyangyaɗi, uwargida ce za ta fara ganewa, kuma wannan na asibiti ne.

Wani lokacin kuma ɓarawon yana cikin aljihu. Goro, da shayi, da kofi, da lemon gwangwani na ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda bayan awa biyar rabinsa yana nan a jini. Wanda ya ci goro bayan la'asar, ya zauna teburin mai shayi bayan isha, ya kwanta yana latsa waya, bai kamata ya zargi aljanu ba.

Tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce maganin farko na daɗaɗɗen rashin barci ba ƙwaya ba ce, horo ne na 'yan makonni. Ginshiƙinsa shi ne tashi a lokaci ɗaya kullum, ko an yi barci ko ba a yi ba. Mai tashi sallar asuba ya riga ya samu wannan, muddin bai koma ya kwanta har hantsi ba. Kada a kwanta sai an ji barci. Idan aka yi kamar minti ashirin bai zo ba, a tashi daga shimfiɗar, a zauna a kan tabarma cikin haske kaɗan, ana lazimi ko wani abu mara tayar da hankali, sai barcin ya kama a koma. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa ta daina haɗa katifa da juyi da lissafin bashi. Ƙailula kuma ta zama gajera. Makon farko yana da wuya, amma amfanin yana zama bayan an gama.

Kada kuma a gudu daga wiwi a faɗa ƙwayar Baliyam da 'yan uwanta da ake saya a kemis ba takardar likita. Su ma jiki yana sabawa da su, kuma daina su farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana iya jawo jijjiga. Wanda yake son barin wiwi ko ƙwaya ya kasa shi kaɗai, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano.

Aikin aji

1. Yi amfani da misalin kwaɗo da makulli ka bayyana wa na kusa da kai dalilin da ya sa mai shan wiwi kullum yake kasa barci idan ya daina.

2. Me ya sa gwajin mako biyu bai isa a ce THC maganin rashin barci ba ne?

3. Wani ya ci alewa mai THC da ƙarfe 11 na dare, zai tuƙa mota da ƙarfe 6 na safe. Awa nawa ke tsakani, kuma me kake ganin zai iya faruwa?

4. Ƙaninka ya ce maka, "Yaya, na daina kwana uku ke nan, ban runtsa ba." Rubuta jimla biyar na abin da za ka gaya masa.

5. Har tsawon mako guda, rubuta lokacin da ka kwanta, da lokacin da ka tashi, da lokacin da ka ci goro ko ka sha shayi na ƙarshe a kowace rana. Ka zo da takardar aji mai zuwa.